Jariri mai ƙaramar haɓa: inda ake kuskure kafin tiyata da bayanta

Akwai jariran da ake haifa muƙamuƙinsu na ƙasa bai cika ba, haɓar ta noƙe ciki. Da yake mazaunin harshe ya ƙuntata, sai harshen ya koma baya ya tare hanyar iska, kuma sau da yawa ganɗar a tsage take. Wani likitan Faransa, Pierre Robin, shi ya bayyana matsalar a 1923, shi ya sa ake rubuta sunansa a katin asibiti. Iyaye haɓar suke kallo, likita kuwa numfashin yake saurare, kuma yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

Tun a ɗakin mai jego ake farawa. Ana cewa a kwantar da jariri rigingine, kuma ga mai lafiya hakan ne daidai. Wannan kam rigingine ne ke jefa harshensa baya. Za a ji yana minshari, ramin wuyansa da ƙasan haƙarƙarinsa suna lotsawa duk jan numfashi. Wanda ya fi ban tsoro shi ne in ya yi tsit alhali ƙirjin na ta kokawa, a ce barci ya yi daɗi, nan kuwa iskar ce ba ta wucewa. A kara kunci kusa da hancinsa, a duba harshe da dasashi ko sun yi duhu. A juya shi ta gefe ko rub-da-ciki, ido na kansa, a nufi asibiti. Can za a auna iskar jininsa, in kwanciyar ba ta wadatar ba a zura masa 'yar roba mai laushi ta hanci har ta wuce bayan harshen.

Sai maganar kaka: "Ai belu ne, a kira wanzami." Ba belu ba ne. Aska a maƙogwaron da dama a ƙuntace yake jini da kumburi kawai za ta ƙara. Haka ɗura: yaron da ke neman iska da ƙyar, a toshe masa hanci a kwarara masa ruwa, huhu zai tafi. A tatsi nono a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali ko ɗan kofi yana a tallafe kamar zaune. In ya ƙi ƙiba, a yarda a sa masa robar abinci ta hanci, ba abin kunya ba ne.

In abin ya kai ga tiyatar muƙamuƙi, wanda ya taso daga Dukku ko Bajoga ko Kaltungo a jihar Gombe yakan tambaya ne ko akwai likitan tiyata. Tambayar da ta fi ita ce: akwai likitan barci, wato mai sa majinyaci barci lokacin tiyata, da ya saba da jarirai, da ɗakin kulawa ta musamman? Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, nan ya kamata a fara, su za su ce aikin nasu ne ko su tura gaba.

Dalili kuwa, kafin a taɓa ƙashi sai an zura robar numfashi cikin maƙoshi. Likita kan ɗaga harshe ne ya hango ƙofar hanyar iska, a nan kuma babu inda zai ture harshen. Ga shi jariri, gwargwadon nauyinsa, yana cin iskar oksijin kusan ninki biyu na babba, ajiyar huhunsa kuma kaɗan ce, nan da nan sai ya shiɗe. Kuskuren ma'aikata biyu ne: yin allurar da ke tsayar da numfashin yaro kafin a tabbatar za a iya hura masa iska, da naci, a gwada a sake gwadawa, alhali kowane gwaji ƙara kumbura wurin yake. Wanda ya san aikin yakan sa yaron barci da iskar shaƙa yana numfashi da kansa, kayan ko-ta-kwana da madubi mai kyamara a kusa, ga abokin aiki a tsaye. In abin ya ƙi, ya tashe shi a sake rana. Don haka in an fito an ce an ɗage, kada a ce likita ya kasa. Ni dai wanda ya san lokacin dakatawa na fi yarda da shi.

Iyaye mata ma da nasu. Tausayi kan sa uwa ta faki ido ta ba shi nono da asubar ranar tiyata, ta yi shiru. In ya yi amai cikin barcin tiyata, huhu zai shiga. Ƙa'idar da aka saba ita ce a tsayar da madarar gwangwani awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2, amma a bi abin da likitanku ya faɗa. Hana shi komai tun dare shi ma kuskure ne, sukarin jininsa zai faɗi. Mura kuma, musamman da hunturu, a faɗe ta ko da an kashe kuɗin mota, domin tana sa maƙoshi ya shaƙe farat ɗaya.

Bayan aiki sai a yi zaton an gama. A tiyatar tsawaita muƙamuƙi, ana yanka ƙashin gefe biyu, a ɗaura wani ƙarfe da ake murɗawa milimita 1 zuwa 2 a rana, sabon ƙashi yana cike giɓin, harshe yana biyo haɓar gaba. Kenan hanyar iskar ba ranar take buɗewa ba, ga kumburi, shi ya sa akan bar robar numfashi wasu kwanaki. Kada a matsa a cire. In an koma gida, ban da maganin tari ko na barci daga kemis.

Kafin sallama, a roƙi likitan barci ya rubuta a kati yadda aka yi wajen zura robar numfashi da dabarar da ta yi aiki. Ɗinkin ganɗa na nan tafe, galibi wajen shekara ɗaya ko bayan haka, kuma mai yiwuwa wani likitan ne daban zai karɓe shi ranar.