Yadda ake zuwa alƙalancin gasar karnuka a Jos har a zaga gari

Masu ta tambayata a inbos, ga amsarku a taƙaice.

1. Ka karɓi takardar gayyata da jerin jinsin karnukan da za ka duba tun kana gida.
2. Ka sa rigar sanyi a jaka, sanyin Jos a watan Disamba ba wasa ba ne wallahi.
3. Ka taso daga Abuja da sassafe ta hanyar Akwanga.
4. Ka ɗan tsaya a Assop Falls, wurin da ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, ka miƙe ƙafa.
5. Ranar gasa ka fara duba katin allurar haukan kare.

Hattara: kar ka kai hannu bakin kare kai tsaye, ka sa mai shi ya buɗe maka ka ga haƙoran, a nan ne mutane ke shan cizo kuma kunya ta hana su faɗa.

6. Ka sa a zagaya da karen ka ga tafiyarsa.
7. Ka rubuta maki nan take, kar ka ce sai anjima.
8. Washegari ka shiga gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, ka ga kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, ni dai su ne suka fi burge ni.
9. Ka leƙa Naraguta wajen dukawa, amma ka taya, kuɗin farko na baƙo ne.