Darasi na 6: Wane rezin za ka saya in za ka zuba sandar biro da kanka

Toh 'yan aji, a darasin baya mun ga yadda ake ɗora guntun katako a kan injin juyi a fere shi har ya zama jikin biro. Yau kuma sandar da ake ferewa ɗin ce za mu haɗa da hannunmu, da wani ruwa mai kauri kamar zuma da ake ce masa rezin. Ruwa biyu ne ake haɗawa, shi rezin ɗin da kuma hadina, wato abin da ke sa shi daskarewa, in suka gauraya sai su ɗau zafi su ƙame kamar gilashi. Sandar da muke so tsawonta inci 5 ne, faɗi da kauri kuma kashi uku bisa huɗu na inci, wajen milimita 19 kenan.

Kafin ka fitar da kuɗinka ka fara duba abin da kake da shi a shago tukuna, don rezin kala uku ne kuma kowanne da halinsa.

Na farko foliyesta. Shi ya fi araha, ɗan'uwan wanda masu aikin faiba ke gyaran tankin ruwa da bamban mota da shi ne, amma nasu yana da duhu-duhu, kai garau na zubi, wanda ake hango cikinsa, za ka nema. Hadinansa sunansa MEKP, ɗigawa ake yi, kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin rezin ɗin, in ka cika masa hannu zai yi zafi ya tsattsage tun a cikin mazubi. Yana ɗaukar sheƙi sosai in an goge, amma wari gare shi mai hawa kai, ba a zuba shi a ɗaki ko kusa da yara, sannan yana da gautsi, in wuƙarka ta dakushe sai ka ji ɓas, gefe ya ɓalle.

Na biyu ifoksi. Ni wannan nake ba duk wanda ya fara, saboda yana da haƙuri. Warinsa kaɗan ne, yana kama katako da kyau, kuma da yake a hankali yake daskarewa kumfa na samun lokacin tasowa sama ta fashe. Kuɗin haƙurin nan shi ne jira, kwana ɗaya zuwa uku kafin ka cire, wani ma sai ya yi sati kafin ya yi taurin da za a fere shi. Sannan rana na sa shi yin ɗorawa-ɗorawa in an daɗe. Dan Allah kar ka sayi ifoksin liƙi mai minti 5 na cikin 'yan tub ɗin nan, wancan gam ne, ba na zubi ba.

Na uku foliyuritan, wanda masu sana'ar biro a Amurka ke yayi sosai, musamman na kamfanin Alumilite. Gaskiya wajen ferewa babu kamarsa, laushi gare shi a bakin wuƙa, zare-zare yake fita ba ya ɓallewa. Amma ga sharaɗi: Alumilite Clear minti 7 kawai yake ba ka daga haɗawa zuwa fara kamawa, mai jinkirin da ake kira Clear Slow kuma minti 12, kaga kumfa ba ta da lokacin fita kenan, dole sai da tukunyar matsin iska. Tukunyar fenti ce ta ƙarfe mai murfi da ƙulle, a sa mazubin ciki a ɗura iska da kwamfiresa irin na mai faci har wajen fam 40 (psi) a agogon awon iska, iskar ta matse kumfar ta ƙanƙance yadda ido ba zai ganta ba. Kar ka taɓa wuce lambar da aka rubuta a jikin tukunyar, kuma kar wani ya ce zai walda maka ita da tsohuwar tukunyar gas, wannan wasa da rai ne. In ba ka da tukunyar nan toh ka bar foliyuritan a kanti, ka ɗauki ifoksi.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato danshi. Foliyuritan ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, ɗigo ɗaya ya ishe shi ya tashi. Akwai wata damina cikin watan Agusta da na samu wani guntun ƙirya mai tsagu masu kyau, na taɓa shi na ji a bushe, na haɗa rezin da shuɗin gari na zuba a kai, da na buɗe tukunya sai na tarar da farar kumfa ta bi duk gefen itacen kamar an zuba ruwan omo, rezin na kuɗi masu yawa ya tafi a banza, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Itace yana shan danshin iska ko da hannu bai ji ba. Dan haka duk abin da za ka binne a ciki, ƙirya ne ko maɗaci ko ƙwallon dabino ko ɓawon kwakwa, ka gasa shi a oba da wuta kaɗan, wajen digiri 100, na wasu awanni, ka riƙa auna shi a sikeli, in nauyi ya daina raguwa ya bushe kenan, sai ka ɗaure shi a leda har ya huce. Lokacin hunturu iska a bushe take, zubi ya fi daɗi, sai dai ka rufe saboda ƙura. Da bazara kuma zafi yana rage maka mintocin nan, ka yi zubinka da sassafe.

Wajen awo, karanta jikin galan ɗin, wani da nauyi ake aunawa wani da yawa, wani 1 da 1 wani 2 da 1, Alumilite Clear 1 da 1 ne a sikeli. Ba a ƙiyasi da ido. Ka sa safar hannu ta roba da tabarau, ka gauraya a kofin roba da tsinke mai faɗi a hankali ba kamar kana kaɗa ƙwai ba, kana kankare gefe da gindin kofin, har sai zanen nan mai kamar hayaƙi ya ɓace. Kala kuma garin maika, wato wani gari mai ƙyalli, ake sawa ko kalar rezin, kan tsinke ya isa, banda fentin ruwa. Mazubi na silikon, wato wata roba mai laushi, ya fi sauƙin cirewa, in babu ka yanka farin allon roba na yankan albasa ka ɗaure da sukuru, rezin ba ya manne masa, ka toshe gaɓoɓin da gam mai zafi. Ka zubo siriri daga kusurwa ɗaya.

In sandar ta yi tauri sai huji, milimita 7 ga siririn biro, kana shiga kaɗan kana fitowa saboda zafi na fasa sanda. Ga wani abu da mutane ke mantawa, rezin ana hango cikinsa, in ka fere ya yi siriri bututun tagullar da ake mannawa cikin ramin zai bayyana ya ɓata kalar, dan haka ka shafa wa cikin ramin fenti, ka bari ya bushe kafin ka sa gam. Wajen ferewa da samfefa ka sa takunkumi, samfefar ka jiƙa ta da ruwa, daga lamba 240 kana hawa har 600 da sama, ƙarshe a goge da man folish.

Aikin gida: ka nemo galan ko hoton galan na rezin, ka rubuta a littafinka sunansa, da awon haɗinsa, da minti nawa yake bayarwa kafin ya kama. Sannan ka lissafa, in awon 2 da 1 ne a sikeli kuma kana son giram 60 gaba ɗaya, giram nawa ne rezin, nawa ne hadina? Ka zo da amsar ranar Asabar, tare da guntun itacen da kake so mu binne.