Yadda na raini gwandar daji a bayan gida

Muna yara a Alkaleri, ba wanda ke shuka gwandar daji. Kana bin awaki sai ƙamshinta ya buge ka, ka ɗaga ganye ka tarar ta yi ruwan ɗorawa, in tsuntsaye ba su riga ka ba. Yanzu gonaki sun cinye dajin, sai ka sha tafiya kafin ka ga gindi ɗaya.

Da farko haƙowa na yi. Na ɗebo ƙanana guda 6 daga daji na dasa, ko ɗaya bai yi rai ba. Ashe abin da kake gani ƙarami a sama, yawanci toho ne daga tsohuwar saiwa da ta nutse can ƙasa, shi ya sa ko gobara ta cinye ta, damina na faɗuwa take sake fitowa. Diga na datse saiwar nan, shi ke nan. Don haka iri za ka bi.

Samu wadda ta nuna a kan uwarta, ka sha, ka wanke 'ya'yan tas, ka shanya a inuwa kwana 2. Kada ka ajiye sai baɗi, ƙarfinsu raguwa yake. Ɓawon yana da tauri, sai ka ɗan goga gefe ɗaya a kan dutse, kaɗan dai, kar ka taɓa cikin, sannan ka jiƙa su kwana ɗaya.

Ni na fi son in shuka kai tsaye a inda za ta zauna, ƙwaya 3 a rami, zurfin gaɓar yatsa. In dole sai leda, nemi doguwa. Ledar fiya wata ta yi gajarta, saiwar nannaɗewa take a ciki. Jigawa take so, da ɗan ruɓaɓɓen taki. Inda ruwa ke kwanciya kar ma ka fara.

Sai haƙuri. Takan yi makonni ba ta leƙo ba, har maƙwabcina yana ce mini, "Malam, duwatsu ka binne?" In ta fito, bar mai ƙarfi guda, ka kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ka riƙa ba ta ruwa a ranin farko. Tawa yanzu ta kawo mini ƙirji, ni da jemagu muke rige-rigen 'ya'yanta.