Yadda Ake Ba Ɗalibai Shawarar Zaɓen Sana'a Ta Waya

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Najeriya a watan Maris na 2020, malamai da dama suka koma ba ɗalibai shawarar zaɓen sana'a ta waya, kuma na lura sababbin shiga a wuri guda suke yin tuntuɓe.

Da farko, ka sa ɗalibi ya turo hoton sakamakonsa na WAEC ko NECO ta WhatsApp kwana biyu kafin ranar ganawa. Kada ka fara da kiran bidiyo, domin yana cinye data, ga shi kuma Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Kiran murya ya wadatar.

Mataki na biyu ne ya taɓa kayar da ni. Kafin ka ce uffan game da sana'a, ka tambayi mai wayar da kuma wanda yake zaune a kusa. Na taɓa shafe rabin sa'a da wata ɗaliba wadda ta ce likitanci take so, duk abin da na tambaya sai ta ce, "Haka ne, malam," har sai da na ji gyaran muryar namiji kusa da ita, na gane wayar mahaifinta ce kuma tabarma ɗaya suke kai. Washegari ta turo saƙon murya ta wayar yayarta, ta ce lissafin kuɗi ne a ranta. Saboda haka ka fara gaisawa da mahaifi cikin ladabi, ka bayyana masa manufar zaman, ka roƙi minti goma da ɗalibin shi kaɗai, sannan ka cika alkawarin dawowa ga mahaifin da bayani. Idan ɗaliba ce, malama ya kamata ta kira. Idan kuma yaro ya yi shiru, kada ka yi gaggawar ba shi amsa, domin a waya da wuya a bambance kunya da ɗaukewar sabis.

Daga nan sai ka gwada burinsa da darussan da JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ta tanada. Mai neman likitanci, alal misali, sai ya rubuta Turanci da bayoloji da kemistiri da fizik. Ka taƙaita abin da aka cimma cikin saƙon murya na minti biyu, ka sa ranar wani kiran kafin a rufe rajistar JAMB, sannan ka goge hoton sakamakon daga wayarka.