Yadda ake gwada guba a jikin kawa kafin ta shiga kasuwa

Kawa da sauran halittun teku masu kwanso biyu suna tace ruwa ne su ci abin da ke cikinsa. Idan wasu ƙananan gansakukan teku da ido ba ya gani suka yawaita, irin su Alexandrium, Dinophysis da Pseudo-nitzschia, gubarsu na taruwa a naman halittar. Ba wari, ba canjin launi, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A 1987 a Kanada, sama da mutum 100 suka kwanta bayan cin irin wannan nama da aka samo daga tsibirin Prince Edward, uku suka rasu.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 853/2004 ta ƙayyade iyaka a kowane kilo na nama. Gubar shanyewar jiki, PSP, kada ta wuce maikrogiram 800. Domoyik asid, mai taɓa ƙwaƙwalwa, miligiram 20. Okadayik asid, mai sa gudawa, maikrogiram 160.

A ɗauki samfuri kowane mako a lokacin kamawa, daga wuraren da hukuma ta tsayar, ba inda ya fi sauƙin isa ba. A kwaso halittun da rai, da yawan da zai ba da nama giram 100 ko fiye, domin guba ba ta rabuwa daidai tsakanin ɗaya da ɗaya. A rubuta wuri, rana da nau'i, a sa cikin kula mai sanyi, amma kada ruwan ƙanƙara ya taɓa su. A kai ɗakin gwaji da wuri.

A can, a wanke bayan kwanson da ruwa mai tsabta, a yanke naman da ke riƙe da shi, a ciro dukkan naman a haɗa har da hanji, don a nan gubar ta fi taruwa. A tsane a rariya na minti biyar, sannan a markaɗa har ya zama bai ɗaya. Markaɗen da bai yi laushi ba shi ke ba da sakamakon ƙarya. Ana auna PSP da domoyik asid da na'urar tantance sinadarai da ake kira HPLC, okadayik kuma da wata mai suna LC-MS/MS. Ƙananan kayan gwajin gaggawa na tantancewar farko ne kawai.

Da zarar sakamako ya haura iyaka, a rufe yankin, a janye abin da ya riga ya fita. Ba a sake buɗewa sai gwaji biyu a jere sun fito ƙasa da iyaka, da tazarar aƙalla awa 48.

Babban kuskure shi ne dogaro da tankin tsarkakewa. Jiƙa kawa a ruwan teku mai tsabta yana rage ƙwayar cuta ta E. coli, wadda da yawanta ake raba yankunan kamawa zuwa A, B da C bisa tsabtarsu, amma ba ya cire wannan guba. Yankin A ma, mafi tsabta, yana iya zama mai guba a mako guda.

Wanda ya ji leɓɓansa da harshensa suna sandarewa bayan ci, a garzaya da shi asibiti. PSP ba ta da makari, taimakon numfashi ne ke ceton rai.