Kafin a ce "da mun sani": yadda manya za su tare wa matasa hanyar fyaɗe da faɗa

Akwai wata ɗalibata da na hukunta sau huɗu a wata ɗaya saboda makara. Shekarunta 15. Kullum sai an kusa gama darasin farko take shigowa, tana haki, takalminta duk ƙura. Na sa ta durƙuso, na sa ta shara, na rubuta wa iyayenta takarda. A karo na biyar na gaji da hukuncin da ba ya aiki, sai na ja ta gefe a baranda bayan an tashi, na ce ta nuna mini hanyar da take biyowa. Ta juya bayan littafinta ta zana. Daga gidansu zuwa makaranta tafiyar minti 15 ce, amma ita zagaye take yi na kusan minti 50. A tsakiyar gajeriyar hanyar akwai wani kango, a bakin kangon kuma wani aminin mahaifinta yakan tsaya da mota yana cewa ta shigo ya rage mata hanya. Ta ce, "Malama, sau ɗaya na taɓa shiga." Daga nan ta sunkuyar da kai.

Shekara 16 ke nan ina koyarwa a sakandare, kuma duk abin da zan faɗa a nan daga wannan zanen ya samo asali. Cutar da ake yi wa matasa tana da wurinta, tana da lokacinta, mai yin ta kuma galibi sananne ne. Abin da ke da wuri da lokaci kuwa manya suna iya tare shi, in sun yarda aikinsu ne.

Ku fara da takarda da biro biyu, ja da kore. A tara matasa, mata daban maza daban, a ba kowa zanen makaranta da hanyoyin da ke kewaye da ita. Inda hankalinsa ke kwance ya sa kore, inda gabansa ke faɗuwa ya sa ja, ya rubuta lokaci a gefe: da safe ne, lokacin tashi ne, ko bayan duhu ya yi. Kada kowa ya rubuta sunansa, kada kuma malamin da suke tsoro ya tsaya a kansu. Dabarar ba tawa ba ce. An gwada ta a makarantu 30 na birnin New York a wani shiri mai suna Shifting Boundaries, kuma sakamakon da aka buga a 2013 ya ba malamai irina kunya: darasin aji shi kaɗai bai rage cin zarafi ba, amma inda aka bi taswirar yara aka ƙara idon manya a wuraren da suka nuna, an ga ragi.

Ranar da muka tattara namu takardun, jan ya taru a wuri uku: bayan banɗakin mata, ƙarƙashin matakalar bene, da kangon nan. Ni da nake hawa matakalar sau shida a rana ban taɓa lura da komai ba. Gyaran bai ci wani abin kirki ba. An sa ƙwan fitila, an sare ciyawar da ta rufe bayan banɗakin, an cire sakatar wani ɗakin ajiya da ake iya kullewa ta ciki, an raba wa malamai tsayuwar minti 20 a bakin ƙofa lokacin tashi. Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne "za a duba". Kowane jan ɗigo a rubuta sunan babba ɗaya a gabansa, da ranar da zai kawo bayani. In babu suna, kowa zai zaci ɗan'uwansa ya yi.

Mun saba gargaɗin yara da baƙo, alhali mai cutar yawanci yana da sunan da ake kiransa da shi a gidan: kawu ne, maƙwabci ne, malami ne, saurayi ne, ko ɗan ajinsu. A watan Oktoba na 2024 UNICEF ta fitar da ƙiyasin cewa mata fiye da miliyan 370 da ke raye yau, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Na maza tsakanin miliyan 240 ne zuwa 310, kusan ɗaya cikin 11. Da gangan na kawo na mazan, domin yaro namiji ya fi wuyar buɗe baki, in ya buɗe kuma dariya ake fara yi masa.

Babba mai mugun nufi da kirki yake farawa. Kyauta, katin waya, rage hanya, "ke daban ce da sauran yara", sai maganar da ta fi kowace haɗari: "kada ki faɗa wa kowa, tsakaninmu ne." Ku koya wa yaranku cewa duk abin da wani babba ya ce a ɓoye wa iyaye, shi za a fara faɗa in an shigo gida. Sa'an nan ku kafa ƙa'idar da ba ta zargin kowa: babba ba ya keɓewa da matashi a bayan rufaffiyar ƙofa. Darasin ƙari a yi shi ƙofa a buɗe, ko da ɗalibai biyu. Malami ko koci ba ya aika wa ɗaliba saƙo ita kaɗai da dare, akwai zauren aji, akwai lambar iyaye. Ƙa'idar ta hau kan kowa, har da ni, har da shugaban makaranta, har da wanda ake ganin ya fi kowa tsoron Allah. Da muka kawo ta wani abokin aikina ya fusata, wai an maishe shi ɗan iska. Na ce masa, "Malam, ƙofar da ke buɗe kai ma tana kare ka daga ƙazafi." Bai ji daɗi ba, amma ya bar ta a buɗe.

Yawancin tarukan da na halarta a kan wannan batu 'yan mata ake zaunarwa ana yi musu faɗa, samarin kuwa suna fili suna buga ƙwallo, ba wanda ya ce musu uffan. A nemo wanda samari ke jin maganarsa, sau da yawa kocinsu ne, a ɗora masa aikin. A Amurka akwai shirin Coaching Boys Into Men, inda koci ke ɗaukar kamar minti 15 a mako, tsawon kakar wasa, yana tattaunawa da 'yan wasansa a kan mutunta mata. Likita Elizabeth Miller ta gwada shi a makarantu 16 a Kalifoniya, bayan shekara guda aka ga yaran da suka bi shirin sun fi sauran ƙarancin cutar da 'yan matansu. Abin da za a faɗa musu ba sai an buɗe littafi ba. Ana cewa shiru ma magana ce, to a wannan wuri ma'anarsa a'a. Wadda ta tsorata, ko ta bugu, ko take barci, ko ba ta kai shekaru ba, ba ta yarda ba. Kyauta ba ta sayen jikin kowa. In kuma abokinka ya yi ba'ar batsa a kan yarinya ka taya shi dariya, izini ka ba shi.

Faɗan samari shi ma yana da agogonsa. Yana farawa da wata magana a waya da dare, ya yi zafi lokacin hutun darasi, ya fashe a bakin ƙofa bayan tashi. Mafi muni shi ne na washegari, na ramuwa, lokacin da yayye da abokai suka shigo, wani kuma ya sako wuƙa a jaka. Gary Slutkin, likitan da ya yi shekaru yana yaƙi da kwalara, tarin fuka da ƙanjamau a Afirka, ya koma Chicago ya ce tashin hankali ma yaɗuwa yake kamar annoba. A 2000 ya fara aikin da yanzu ake kira Cure Violence, inda mutanen da matasa suka yarda da su ke shiga tsakani kafin a rama. Ku yi irinsa daidai ƙarfinku. In an yi faɗa yau, kada a kwana ba a je gidajen biyu ba. Wanda aka kayar shi za a fi daɗewa da shi, domin kunya ce ke kai yaro ga makami, zane shi a gaban taro kuwa fama masa ciwo ne.

Wanda ya ga abu yana faruwa fa? Da yawa suna wucewa ne don zaton sai mai ƙarfi ke shiga. Shirin Green Dot, da aka gwada a sakandare 26 a jihar Kentucky, hanya uku yake koyarwa: ka yi magana kai tsaye, ka kawar da hankali, ko ka kira wani. Ta biyun na fi amfani da ita. Na taɓa ganin wani ya tare yarinya a jikin bango, ban san ko ɗayansu ba. Na nufe ta da fara'a na ce, "'Yata, ashe nan kike, tun ɗazu nake nemanki, zo mu tafi." Ta damƙe hannuna kamar ta san ni tun tana goye.

Ranar da yarinya, ko yaro, ta zo ta faɗa muku, ku zauna, ku sassauta fuska. Kalmomin farko su zama: "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Kin kyauta da kika faɗa mini." Kada ku tambayi me ta sa, me ya kai ta, ko me ya hana ta ihu. Wannan ta ƙarshen ta fi yanka, kuma rashin sani ne ke kawo ta. Tsoro yakan sandarar da jiki. A wani bincike da aka yi a Stockholm aka buga a 2017, cikin mata 298 da suka je asibiti bayan fyaɗe, kashi 70 cikin 100 sun ce jikinsu ya ƙame sun kasa motsi. Kada ku yi alkawarin ba wanda zai ji, domin ba za ku iya cikawa ba. Ku ce, "Sai wanda zai taimake ki zai ji, kuma zan faɗa miki kafin in faɗa masa." Ku bar ta ta ba da labari da bakinta ba tare da kun cusa mata kalmomi ba, ku rubuta yadda ta faɗa, da kwanan wata da lokaci.

Daga nan agogo ake bi. Maganin kariya daga ƙwayar HIV, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72, a kuma sha kwana 28 ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120, amma gara da wuri. Akwai kuma rigakafin ciwon hanta nau'in B da maganin cututtukan sanyi. In da hali kada ta yi wanka ko ta wanke kayan kafin a je asibiti. A sa kayan a jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. In ta riga ta yi wanka, ko kwanakin sun wuce, a je duk da haka. Kada a goge saƙonnin waya. Hoton tsiraicin yaro kuwa kada a tura wa kowa, ko da da sunan adana shaida, a miƙa wayar ga hukuma.

Kada ku tunkari wanda ake zargi, kada ku tara masa jama'a. Ku kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar kare yara. Za a zo muku da lallashi, na tabbata, domin an zo mini: a rufa asiri, a sasanta a cikin gida, kada a ɓata wa yarinya suna. Mahaifin ɗalibata ya yi kwana uku yana rantsuwa amininsa ba zai aikata ba. Mahaifiyarta ce ta miƙe ta ce, "Malama, mu je." Da aka fara bincike sai ga wasu 'yan mata biyu da mutumin ya taɓa rage wa hanya. Iyayen ɗaya sun sani tun shekarar da ta gabata, an sasanta.

Lambar asibitin da ke ba da PEP da ta ofishin da ke karɓar rahoto suna manne a cikin ƙofar kabad ɗina, kuma farkon kowane zango ina kiran su in ji ko suna shiga. Taswirar ma kowane zango muke sake ta, domin jan yana tashi daga wuri ya koma wani. An katange kangon tuni. A zangon da ya wuce wata yarinya ba ta sa ja ko ɗaya a kan zanen makaranta ba. A gefen takardar ta zana waya, ta cika ta da ja, ta rubuta "ƙarfe 11 na dare". Da wannan takardar za mu buɗe taron iyaye na gaba.