Yadda ake duba ingancin allon lantarki a lokacin haɗi

Allon lantarki, wato koren fanel ɗin da ke cikin waya da talabijin da na'urar cajin sola, yana ɗauke da ɗaruruwan wuraren liƙi, kuma wuri ɗaya da bai kamu ba ya isa ya kashe na'urar baki ɗaya. Saboda haka mai haɗa allo ba ya bari sai aiki ya ƙare sannan ya duba. Kowane mataki yana da nasa binciken, kuma aibin da aka kama da wuri shi ne mafi arha wajen gyara.

A fara da kare kayan haɗin daga jikin ma'aikacin kansa. Mutum ba ya jin wutar da ke taruwa a jikinsa sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 tana iya lalata wasu ƙananan IC, wato ƴan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da yawa da ake liƙawa a allo, ba tare da an ga alama ba. Dole ne kowa ya ɗaura igiyar wuyan hannu mai sauke wutar zuwa ƙasa, musamman a lokacin hunturu, domin busasshiyar iska tana ƙara tara ta. Damina kuma tana da tata matsalar: IC ɗin da ya sha laima yakan tsage a cikin tandar da ke narka dalmar liƙi idan ruwan da ke cikinsa ya zama tururi. Wanda aka rubuta MSL 3 a ledarsa, wato matakin saurin shan laimarsa, awa 168 kawai gare shi bayan an buɗe ta. Idan ya wuce haka, sai a busar da shi a tanda, galibi a digiri 125.

Matakin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne shafa kwaɓin dalma, domin daga nan ne yawancin aibobin liƙi suke samo asali. Ana ajiye kwaɓin a firji, amma kada a buɗe shi sai ya huce sanyi na wasu awoyi. Bayan an shafa shi ta ramukan farantin da ake ɗorawa a kan allon, a duba kowane gurbi: shin ya cika, ya zauna daidai a kan jan ƙarfen, bai malala ya taɓa maƙwabcinsa ba? Manyan masana'antu suna da injin da ke auna tsayi da yawan kwaɓin, ƙaramin shago kuwa madubin ƙara girma ya ishe shi. Idan shafin bai yi ba, a goge allon a sake, wanda aikin 'yan mintuna ne.

Daga nan sai tanda. Tsohon haɗin liƙi mai kuza 63 da dalma 37 cikin ɗari yana narkewa a digiri 183. Tun da dokar RoHS ta Tarayyar Turai, wadda ta taƙaita sa dalma a kayan lantarki, ta fara aiki a 2006, an fi amfani da SAC305, haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe, wanda ba ya narkewa sai wajen digiri 217. A maƙala wayar auna zafi a jikin allon gwaji, kada a dogara da abin da fuskar tandar ta nuna.

Idan allo ya fito, a bi shi da ido a ƙarƙashin haske mai kyau. Liƙi nagari yana hawa ƙafar abin a hankali, sumul, kamar gangaren tudu. Wanda ya dunƙule bai kama ƙafar ba, zafi ne bai ishe shi ba. A nemi dalmar da ta haɗe ƙafafu biyu, da ƙaramin rizisto da ya miƙe tsaye a gefe ɗaya saboda dalmar wannan gefen ta riga narkewa ta ja shi, da diyod ko kafasito da aka ɗora a juye. Injin kyamara na AOI yana yin wannan da sauri, sai dai ba ya ganin ƙarƙashin IC irin na BGA, wanda ƙafafunsa ƙwallayen dalma ne a ɓoye. Wannan sai hoton eksire. Ma'aunin da ake yanke hukunci da shi shi ne IPC-A-610, wanda ya kasa kaya aji uku, na ukun shi ne na kayan asibiti da jiragen sama, inda ba a yarda da kuskure ba. Ya kamata a daidaita da mai ba da aiki kan ajin tun kafin a fara.

Kada a ba sabon allo wuta sai an auna da mita tsakanin layin wuta da na ƙasa an tabbatar babu shot, wato layukan biyu ba su haɗe ba. Sannan a kunna shi da na'urar ba da wuta wadda aka iyakance ƙarfinta, a auna bolt a kowane sashe, a lura ko akwai abin da ke ɗaukar zafi. Bayan haka a sa shi ya yi ainihin aikinsa da lodi na gaske, a bar shi a kunne na awoyi, domin raunanan kaya da wuri suke mutuwa. A ƙarshe a ba kowane allo lamba, a rubuta ranar haɗi da rukunin kayan da aka sa masa da sakamakon gwaji, ta yadda idan ɗaya ya dawo za a san sauran da aka haɗa tare da shi.